Gwandar da Malsun Ta Jira

A kasuwar Namhae, wadda take ci duk bayan kwana biyar, da zarar masu sayar da kayan miya sun hango Tak Malsun ta tunkaro tana jan kwandonta mai taya, sai ka ga kowa yana gyara zama. Ba wai tana sayen kaya da yawa ba ne. Tsohuwa ce 'yar guntuwa, bayanta ya ranƙwafa saboda tsugunno a gonar tafarnuwa, kuma tambayarta ɗaya ce ga kowa: "Wannan a ina aka noma shi?" In ka ce na gida ne, ta ce wane gari. In ka faɗi gari, ta ce gonar wa. Da ka fara inda-inda sai ta ajiye maka kayanka ta yi gaba, ba zagi ba tsawa.

Ba kowa ya san sunanta na yanka ba. 'Yar Hadong muke ce mata, domin daga Hadong aka kawo ta aure, a ƙauyukanmu kuwa mace da sunan garinsu take tsufa.

Wannan ɗabi'a tata ba da ita aka haife ta ba. Akwai wata shekara da tafarnuwar waje ta cika kasuwanni a kan araha, ta gida ta rasa mai taya ta. Ta su Malsun ta yi ta zama a rumbu har ta tsiro, ta ruɓe, warinta ya kori kowa daga tsakar gida. Mijinta, Dokbae, ya kwashe ta da hannunsa ya kai gona ya binne. Daga ranar maganarsa ta ragu, shan giyarsa ya ƙaru, bai kuma daɗe ba ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Da aka dawo daga binne shi, Malsun ba ta zauna karɓar gaisuwa ba. Kicin ta shiga, ta sauke duk abin da yake kan kanta, ta sa tabarau ta bi rubutun jikinsu ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya tsallako teku ta fitar da shi waje. Abin da ya rage bai cika kwando ba.

A baki abin yana da sauƙi, kowa ma yana iya cewa a ci na gida. Sai ka gwada za ka gane. Ƙasarmu ba ta yin rake, saboda haka Malsun ta yi sallama da sukari, ta koma dafa maɗin shinkafa, aikin da yake cinye yini guda da itace tuli. Masoro har ta manta ɗanɗanonsa. Awarar kanti kusan duk da waken waje ake yi, sai ta koma shuka nata a gefen kunya. Riɗi ma haka, ta noma, ta kakkaɓe, ta kai wurin Bongim mai injin matsar mai, ta tsaya a kanta ƙyam don kada a haɗa mata da na wani. Abin da ba ta iya nomawa, in ta same shi na gida, tsadarsa sai ta sa mutum ya dafe kai. An kuma sha cutarta, a zuba gishirin waje a buhun gida a ɗinke baki. In sanyi ya yi nisa, tukunyarta ba ta ganin komai sai kabeji da alayyafo da busasshen ganye, yau su gobe su.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne kofi. A ɗakin taron ƙauye, inda tsofaffi suke wuni a kan daɓe mai ɗumi, ana zagayawa da kofi mai zaƙi a 'yan kofunan takarda, kuma a da babu wanda ya kai ta sonsa. Yanzu sai ta zauna da ruwan gasasshen sha'ir ɗinta, hancinta yana bin ƙamshin na mutane.

Bongim, ƙawarta tun suna amare, ba ta taɓa raga mata ba.

"Yaya, ƙwan nan da kike saye fa?"

"Na gonar Changson ne, na je na ga kajin da idona."

"To kin tambayi kajin abin da suke ci? Masarar jirgin ruwa ce, in gaya miki."

Da wasa Bongim ta faɗa, amma Malsun ta daina cin ƙwai har sai da ta yi akurki ta zuba kaji tana ba su dusar shinkafa. Irin mutuniyar da nake ba ku labari ke nan. Taurin kai ne, ban musa ba, amma ni ban taɓa iya yi mata dariya har zuci ba, domin na ga Dokbae ranar da yake binne tafarnuwar nan.

Ɗa ɗaya gare ta, Sangdu. Ya haura arba'in ba aure, don 'yan matan yanzu ba mai son ta ƙare a gonar tafarnuwa. Daga ƙarshe ya auro Lua, wata yarinya mai sanyin hali daga kudancin Biyetnam. Ƙauye ya zuba ido ya ga yadda za a kwashe.

"Yaya, ita ba ki tambayi gonar da aka noma ta ba?" in ji Bongim.

"Mutum ba riɗi ba ne, ke kuma bakinki ba ya tsufa."

Gaskiya kuwa ta riƙe ta hannu bibbiyu. Ita ta koya mata yare kalma-kalma a bakin kunya, ita ta ɗinka mata wandon auduga na sanyi, kuma ranar da wani dattijo ya kira Lua da wata kalmar banza, Malsun ta wanke shi tas a gaban jama'a. Kicin ne kawai bai canza ba. Lua ta ci abin da aka ba ta shekara uku, ba ta taɓa ɓata fuska ba. Wani lokaci takan shiga gari wurin 'yan ƙasarsu ta dawo da fara'a, rigarta tana ƙamshin wani irin kayan yaji, Malsun kuma ta yi kamar hancinta ya toshe.

A tsakiyar sanyi Lua ta haifi 'ya mace, aka sa mata Nari. Tun cikin yana wata bakwai Malsun ta je har bakin teku wurin wata mai nutso ta sayo busasshen ganyen teku na mai jego. Ba ta nemi ragi ba, don ba a ciniki a kansa, ba ta kuma bari an lanƙwasa shi ba, don ba a karya shi. Haka ta shigo da shi mota a miƙe, ya kusa tsawonta, tana harare-hararen duk wanda ya matso. Miyarsa ce abincin mai jego safe da rana da yamma har sati uku. Ita ta sha, uwarta ta sha, kowace mace a ƙauyen da ita ta tashi daga jego.

Lua ta yi cokali biyu ta ajiye. Washegari ta daure ta shanye rabin kwano, ta tashi da sauri ta amayar. Santsin ganyen da ƙarninsa ne ba sa zama mata tun da ta haihu. Malsun ta canza hannu, yau ta dafa da naman sa, gobe da kifi, jibi ta rage mai, duk a banza. Nono kuma ya ƙi zuwa sosai. Nari ta kama ta tsotsa ta tsotsa, ta saki ta tsala kuka, fuskarta ta yi jawur.

Ran nan mahaifiyar Lua ta kira a waya. Malsun ba ta jin yaren, amma ta ji muryar uwa da hankalinta ya tashi, wannan kuwa ba ya buƙatar tafinta. Da aka gama, Sangdu ya fito ya same ta a kicin da makullin mota a hannunsa.

"Umma, mahaifiyar Lua ta ce a dafa mata ɗanyar gwanda da kifi. Wai shi mai jego take ci a can. Shagon nan na bayan tasha, inda ma'aikatan gonar kifi suke sayayya, suna da ita. Yanzu zan je in dawo."

"Daga ina suke kawo ta?"

"Daga ina kuwa, Umma? A jirgin sama take zuwa."

"Abin da aka tsinka ban san yaushe ba, aka fesa masa ban san mene ne ba, shi za ka ɗura wa mai jego? Ya bi ta nono ya shiga cikin jaririya?"

"Ita fa da shi ta girma."

"Ai ban hana ta gwanda ba. Na ce ni zan nemo mata ta ƙasar nan. Ajiye makullin."

Ya ajiye. A nan kam ina ganin laifin Sangdu, ƙato da shi, matarsa tana kwance da yunwa. Sai dai yaron da ya ga abin da ya sami ubansa bai taɓa iya ɗaga murya a kan wannan magana ba. Lua ma daga ɗaki ta ce, "A bari, Umma, zan jira." Ba ta son a ce a kanta aka fara rigima a gidan.

Kada a ɗauka mugunta ce. Malsun a ranta alheri take yi, wanda ya fi na kowa wahala. Ta bi kasuwa rumfa-rumfa tana tambaya, ana yi mata kallon wadda ta fara ruɗewa, gwanda a watan ƙanƙara. Bongim ce ta samo mata labarin wani manomi a wajen Jinju da yake noma ta a rumfar leda. Aka buga masa waya, ya ce sanyin bana ya hana 'ya'yan girma, manyan kuma ya riga ya yi wa gidajen abinci alkawarinsu, a ɗan ba shi lokaci.

"Yaya, ki sayo ta shagon ta fara ci mana, in ta Jinju ta yi sai ki ƙara mata," in ji Bongim, kuma wannan karon ba da wasa ba.

"Saura ƙiris. Abin da aka jira shekaru ba a fasa shi don kwana biyu."

"Wa ya jira shekaru? Jaririyar?"

Malsun ta ja kwandonta ta tafi ba sallama.

Kwana biyun ya zama sati, satin ya ja wani. Lua tana ɗan tsakurar farar shinkafa da ruwan zafi, wuyanta ya fito, idanunta sun faɗa. Nas ɗin gunduma ta zo ta auna Nari, ta sake aunawa, ta ce nauyin bai ƙaru yadda ake so ba, a fara haɗa mata da madarar gwangwani. Malsun ta raka ta har ƙofa tana cewa kaɗan ya rage, akwai maganin da yake tafe. Nas ɗin ta tsaya tana saka takalmi ta ce, "Kaka, ni ban san wata gwanda da take kawo nono ba. Abin da na sani, mai jego ta ci ta ƙoshi, hankalinta ya kwanta." Malsun ta ji rabin farko na maganar ta ji haushi, rabin ƙarshe kuwa bai shiga ba.

Ranar da manomin ya ce ta zo, mota biyu ta hau, ta ƙarasa da ƙafa a kan hanya mai santsin ƙanƙara. Da aka ɗaga mata ledar ƙofa, zafi ya buge ta, tabaraunta ya yi hazo. Ta goge, sai ga itatuwa dogaye reras, 'ya'ya koraye shar sun yi cincirindo a wuyan kowace. A can ƙarshe wani injin ɗumama yana ta ruri. Ta ji wani alfahari ya taso mata, ashe ƙasar nan babu abin da ba za ta iya ba. Sai bakinta ya yi abin da ya saba.

"Irin fa, na ina ne?"

Manomin ya yi dariya. "Iri daga Taiwan, Kaka. Man da injin can yake sha daga ƙasar Larabawa. Masu aikin daga Biyetnam. Ƙasar da saiwar take ciki dai tamu ce, wannan na tabbatar miki."

Ya kira wata mata cikin ma'aikatan, wadda za ta yi sa'ar Sangdu, ta zo da wuƙa. Ta dubi Malsun, ta dubi ɗanyun gwandar da take nunawa, ta yi murmushi.

"Ta mai jego ce, Kaka?"

"Surukata ce. 'Yar ƙasarku."

"Barka. Jiya ta haihu?"

Malsun ta faɗa mata lokacin. Wuƙar ta tsaya a jikin gwandar, farin ƙaro yana ɗiga.

"To tun lokacin me take ci?"

Malsun ta fara bayanin ganyen tekun, inda ta sayo shi, yadda ba a lanƙwasa shi ba. Tana cikin magana ta ji muryarta tana raguwa da kanta.

"Mu a can ranar da aka haihu ake ɗora tukunyar," in ji matar. "Ba a saye ma, kowane bayan gida akwai. Uwarta ba ta zo ba?"

"Ni ce uwarta a nan."

Matar ta yanko manya guda uku, ta naɗe su a jarida saboda sanyi, ta sa mata a jaka da kyau.

A motar dawowa Malsun ta rungume jakar a cinya, sai ga wani abu da ta daɗe ba ta tuna ba. Lokacin da ta haifi Sangdu, ita ma ta yi kwanaki abinci ba ya shiga. Sai ga mahaifiyarta ta taso daga Hadong da tukunya naɗe a zane, romon kifin kogin garinsu ne, har ya huce. Ta sha tana kuka, ta side kwanon. Hadong ɗin da ake magana, gada ɗaya ce tsakani, amma cikinta ya san bambanci. Kuma uwar mijinta, wadda kowa ya sani da faɗa, ba ta tsaya a ƙofa ta tambayi daga wane kogi aka kamo ba, matsawa ta yi ta ba da murhu. Shekara da shekaru Malsun tana gaya wa mutane cewa jikin mutum da ƙasar da ta raine shi abu ɗaya ne. Ba ta taɓa tsayawa ta ƙarasa maganar ba, ta tambayi kanta wace ƙasa ce ta raini jikin da yake kwance a ɗakinta. Kunya ta rufe ta, ta ji motar kamar ba ta tafiya.

Da la'asar ta iso. Ta tarar da Sangdu a kicin yana tafasa kwalaben jarirai, gwangwanin madara a buɗe a kan tebur, an ci fiye da rabinsa. Ba jiya aka fara ba ke nan. Bai ɓoye ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ta kwance jaridar, ta ɗauki gwanda ɗaya tana juyawa, sai a lokacin ta gane ba ta san ta inda ake fara ta ba. Ta je bakin ƙofar ɗaki.

"Maman Nari, ga ta na kawo. Amma sai kin nuna mini."

Lua ta taso a hankali tana dafa bango. Ta fere, ta wanke ƙaron, ta yayyanka, ta zuba a kan kifi da citta, ta ɗiga ruwan kifin da Malsun take tsumawa a randa tunda babu irin nasu. Da miyar ta dahu, ta zauna a ƙasa ta jawo kwano. Ba ta ɗago kai ba. Ta ci da sauri, tana hura cokali, gumi yana tsattsafowa a goshinta, ta ɗaga kwanon ta shanye romon, ta miƙa hannu ta ƙara, ta sake ƙarawa. Malsun tana tsaye da ludayi tana kallo. Shekara uku suna cin abinci a kan tebur ɗaya, ta ɗauka yarinyar nan ba mai ci ba ce, har tana yabonta a ɗakin taro cewa ba ta da haɗama. Yau ce rana ta farko da ta ga yadda Lua take cin abinci.

"Ta yi kamar ta gida?"

"Ta yi daɗi, Umma. Sannu da hanya, kin sha sanyi."

Da ta yi mata gori da ya fi sauƙi.

Washegari Malsun da kanta ta ce wa Sangdu ya je bayan tasha ya sayo duk abin da matarsa ta ce, kada ya karanta mata rubutun jikin komai. Lua ta ci, ta murmure, kumatunta suka dawo. Nonon ne bai dawo ba. An gwada duk dabarar da nas ta faɗa, amma Nari ta riga ta saba da kwalba, in an sa ta a ƙirji sai ta kau da kai ta yi ta kuka, ɗan abin da ya rage kuma ya ƙafe. Nas ta ce hakan yana faruwa ko da an yi komai daidai, ba a ɗora wa kowa. Bongim ma ta ce yaran birni duk da gwangwani suke girma, ga su nan ƙatti. Malsun ta ce musu haka ne, amma ba ta yarda ba, har yau kuma ba ta yarda ba.

Wata safiya suna zaune su biyu suna ɓare tafarnuwa, Nari ta farka a kan shimfiɗa ta fara kuka. Lua ta ɗauke ta ta kwantar a cinya, hannunta ya tafi kan maɓallin rigarta, ya ɓalle na farko. Sai ya tsaya. Ta ɗan jima a haka tana kallon fuskar 'yar, sannan ta mayar da maɓallin a hankali, ta waiga tana neman kwalba.

Malsun ta ga hannun.

"Zauna abinki," ta ce. "Bari in ɗora ruwan."